Yadda Na Ramar da Mamaci

Har yau idan na tuna maganar da na yi wa tsohuwar nan sai in ji kamar in mari bakina. "Kwamfuta ba ta ƙarya, Inna." Ni na faɗa, da bakin nan nawa, ina tsaye ina gyara ɗaurin kallabi kamar wata babbar likita. To kwamfuta tana ƙarya. Tawa dai ta yi, kuma ni ta aika na kai saƙon har hannun baiwar Allah.

A Aliero nake aikin hoto, a wani ɗan ɗaki da ke cikin zauren gidanmu. Yawancin masu zuwa wurina mata ne, don sun fi sakewa da mace 'yar'uwarsu. Wata hoton fasfo take so, wata na suna, wata kuma tsohon hoto ne ya koɗe tana so a gyara shi a ƙara masa girma. Kayan aikina ba su taka kara sun karya ba: kyamara, sikana, firinta, sai kwamfutar da yayana ya samo mini a gwanjo. Irin wadda allo da inji duk suke haɗe a jiki ɗaya ce, babu wani akwati a ƙarƙashin tebur. Allonta faffaɗa ne, garau, har maƙwabta kan leƙo su ce ashe talabijin na saya.

Ta yi mini aiki tsakani da Allah, sai wata safiya injin cikinta ya ƙi tashi. Allon na kawo haske, amma daga nan shiru. Ina kuma da wata tsohuwar laftof da na yi makaranta da ita, wadda allonta ya tarwatse tun ranar da ta suɓuce mini daga kan babur, amma injinta lafiya lau. Ga ni da kwamfuta biyu, ɗaya tana da ido ba ta da kai, ɗaya tana da kai ba ta da ido. Da na juya babbar na duba bayanta, sai na ga akwai ƙofar da ake shigo mata da hoto daga wata na'ura, ta zama allo zalla. Na ce shi ke nan, zan haɗa su aure.

Matsalar ita ce bakinsu bai zo ɗaya ba. Babbar tana karɓar wayar zamani, siririya, wadda ake kira HDMI. Laftof kuwa tsohuwar ƙofa ce da ita, mai shuɗin kan nan mai sukurori biyu. A kasuwar Jega wani mai kayan waya ya ɗauko mini wani ɗan baƙin akwati, girmansa bai wuce kwalin ashana ba, ya ce shi ne mai sulhu tsakaninsu. Ya rantse, ya sake rantsewa, ya ce irinsa ake sawa a manyan ofisoshi. Na dawo gida na haɗa, na danna maɓallin da ke gefen allon, hoto ya fito. Don murna har guɗa na yi ni kaɗai a ɗaki.

Na lura rubutu ya yi ɓulɓul, ya kuma yi dishi-dishi kamar an shafa masa man gyaɗa. Na lura, ba zan yi ƙarya ba. Amma sai na ce a raina ai allon babba ne, dole komai ya ƙara jiki. Wannan wautar ita ce mafarin komai.

Kwana biyu da haɗa su Inna ta zo. Ƙawar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata, aure ya kai ta Gumbin Kure, can ƙasar Maiyama. Ta tsufa, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma sai ta kai abu dab da hancinta take ganinsa. Ɗanta namiji guda ɗaya ne, ya bi motocin albasa ya tafi kudu, ya samu rumfa a wata kasuwa can ya zauna. Shekara biyu bai zo gida ba, sai dai waya. Kullum ta tambaye shi ya ce mata lafiya lau, yana ci yana sha, kada ta damu. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi, a can aka yi masa sutura. Abin da ya dawo gida jaka ce da tufafinsa, sai katin ƙungiyar masu sayar da albasa da aka tsinta a aljihun rigarsa.

Katin ta kwance daga bakin zanenta ta miƙo mini. Hoton da ke jiki bai fi girman babban yatsa ba, ruwa kuma ya shiga ledar ya cinye masa kunci ɗaya gaba ɗaya.

Ta ce, "Ɗiyata, wanga hoto can aka ɗauke shi. Ni ba ni ganin ɗan abin ga. Ki buɗa mini shi da girma, in ga yadda yaron ga ya zauna can. Shi kaɗai nika so."

Ni ban san kamannin mamacin ba, tun ina ƙarama rabona da shi. Na sa katin a sikana, hoton ya fito a babban allo, sai na ga fuska faffaɗa kamar faifai. Na yi tsaki na ce sikanar nan ta fara tsufa, ta baje bawan Allah. Na kama gefen hoton da linzamin kwamfuta na matse shi, na ƙara matsewa, har sai da fuskar ta yi mini daidai a ido. Sannan na kwafi kuncin da ya tsira na liƙa a wurin wanda ruwa ya ci, na goge dattin, na buga a babbar takarda, na sa a firam. Ban ko ɗaga katin na kwatanta ba. Motar Jega na jiranta a bakin titi, direba sai hon yake yi, ni kuma ina jin kaina gwana.

Inna ta fita da hoton bakin ƙofa inda akwai haske. Ta kai shi dab da idonta mai gani, ta daɗe tana bin sa sama da ƙasa.

"Haka ya rame?"

Na ce, "Haka hoton ya nuna."

"A'a, ɗiyata, duba dai. Yaron ga da kumatu ya bar gida. Ko injin ya yi kure?"

A nan ne na buɗe baki na yi mata maganar nan, cewa kwamfuta ba ta ƙarya. Ta naɗe hoton cikin mayafinta, ta sa mini albarka, ta ce Allah ya ba ni miji nagari. Ta tafi tana laluben bango.

Bayan kamar mako guda ƙanwata ta zo ta ce in ɗauke ta hoto da sabon leshinta. Ƙanwar nan tawa kumatu ne da ita, duk gidanmu da su muke tsokanarta. Na ɗauka, na ɗora a allo, na ga ta baje fiye da kima, na matse ta kamar yadda hannuna ya fara sabawa, na buga. Takarda na fitowa ta fizge, ta duba, ta ƙyalƙyale da dariya har tana riƙe ciki.

"Yaya, wace ce wannan? Ni ce na koma karan dawa? Wallahi ko jinyar wata shida na yi ba zan zama haka ba!"

Ita tana dariya, ni kuwa na zuba wa takardar ido. Wannan fuskar na san ta, kullum da ita nake kwana nake tashi, kuma ba ita ce a takardar ba. Na koma kan kwamfuta na umarci manhajar ta zana mini cikakkiyar da'ira, irin wadda inji ke aunawa da kansa. Abin da ya fito a allo ƙwai ne, kwance a gicciye. Na ɗauko murfin robar man shafawa na manna a kai. Sama da ƙasa ya yi daidai, dama da hagu kuwa ƙwan ya leƙo ta kowane gefe. Ashe allon ne ke jan komai a faɗi. Sikana ba ta yi laifin komai ba, mamacin ma bai yi ba. Ni ce na ɗauki ƙato lafiyayye na matse shi da hannuna.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba mahaifiyata ta dawo daga wata gaisuwa da labari. Ta ce Inna ta daina cin abinci. An kai mata tuwo ta ture, an dama fura ta kurɓi kaɗan ta ajiye. Kullum tana zaune da hoton a cinya tana cewa ashe yunwa yaron ya sha a can, yana turo mata abin cefane shi yana kwana da ciki wayam, yana yi mata ƙarya a waya don kada ta damu. Wai da wane baki za ta ci, bayan abincinsa ta cinye shekara biyu.

Innalillahi. Na kira wayar surukarta, matar mamacin, na ce a sa mini Inna. Na yi mata bayani, na ce kuskurena ne, allona ne ya lalace. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Allah shi yi miki albarka, lallashina kike. Ke da kanki kin ce ba ta ƙarya. Na gani da idona." Surukar ta ce ita ma ta faɗa mata, maƙwabta sun duba ɗan katin sun faɗa mata, duk ta ce haɗa baki aka yi. Abin da idonta ya gani shi ta riƙe. To ashe babu abin da zai warware wannan sai wani hoton, babba, na gaskiya.

Ainihin abin da sikana ta ɗauka yana nan a ajiye, ban taɓa shi ba. Sai dai ba zan iya buga shi haka ba, don rabin fuskar ruwa ya cinye, idan aka ƙara masa girma abin tsoro zai zama. Dole in sake gina kuncin da hannu, in gyara gefen ido da gefen baki. Ta yaya kuwa zan gina kuncin mutum a kan allon da bai san bambancin da'ira da ƙwai ba? Na shiga wurin da ake saita girman hoton allo. Zaɓi biyu kacal ya ba ni, 800 a 600, sai 1024 a 768. Na gwada wannan, na gwada wancan, ƙwai dai yana nan ƙwai.

Na leƙa takardar da ke manne a bayan kwamfutar, na kwafi lambarta, na nemo littafinta a wayata. Kai, jama'a! Shafi a kan shafi suna gargaɗina kada in tsoma ta a ruwa, kada in ɗora mata kyandir, kada in bar yara su haɗiye sukurori. Wa zai tsoma kwamfuta a ruwa, don Allah? Abin da nake nema kuwa sai can kusa da ƙarshe na same shi, layi ɗaya, da rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa: ainihin girman allon 1920 a 1080 ne.

A nan na fahimci abin da aka yi mini. Allo ɗigo-ɗigo ne a jere, layi a kwance, layi a tsaye, kamar shukar albasa a fangali. Nawa yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye. Ɗan baƙin akwatin nan kuwa ya je ya gaya wa laftof cewa allon ƙarami ne, 1024 a 768 kawai. Ita kuma ta yarda, tana aiko da ɗan ƙaramin hoto wanda tsawonsa da faɗinsa ba su da nisa da juna. Shi kuma allon, maimakon ya nuna shi yadda ya zo ya bar baƙi a gefe in gane akwai matsala, sai ya kama shi ya ja har ya cika ko'ina, faɗin ya fi shan ja. Duk cikinsu babu wanda ya ce mini uffan. Injin da zai dame ka da ƙara idan takarda ta ƙare a firinta, shi ne ya yi gum yana baje fuskokin mutane. Wanda ya ƙera shi ya san zai yi haka, ya ga bai kai abin da za a rubuta a allo ba.

Washegari da safe na naɗe babbar kwamfutar cikin bargo, na sa laftof a jaka, na shiga motar Jega. Lokacin cirar albasa ne, but ɗin motar cike da buhuna, don haka a cinyata na rungume ta har muka isa, idona na ta hawaye, rabi yajin albasa rabi takaici. Mai kayan wayar da ya sayar mini da akwatin ya ce shi sayarwa yake yi, ba gyara ba, ya nuna mini shagon wani mai gyara a layin baya.

Mai gyaran magidanci ne, da tabarau a goshi, shagonsa cike da gawarwakin kwamfutoci. Ina cikin yi masa bayani ya ɗaga mini hannu.

"Hajiya, bari dai mu gani. Ba sai kin koya mini ba."

Ya juya kwamfutar, ya cusa wayar, ya kunna. Allo baƙi ƙirin. Ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya.

"Allon ga ya mutu. Ki bar shi nan, in samo miki wani."

Na ce, "Malam, a ƙofar fita ka sa."

"Mi?"

"Ƙofa biyu ne a bayanta, kamanninsu ɗaya. Waccan ta fitar da hoto ce, wannan ta shigo da shi. Sa a nan, ka danna maɓallin gefe."

Ya yi mini kallon hadarin kaji, amma ya sa. Hoto ya fito. A nan kam ba shi kaɗai na ji wa haushi ba, don su ma masu ƙera ta sun jera ƙofa biyu iri ɗaya sak a wuri mai duhu, suka rubuta sunayensu da baƙi a kan baƙi. Na buɗe masa da'irar na ce ya duba.

"To ai da'ira ce."

"Ƙwai ne."

"Idonki ne, Hajiya. Kuna yawan kallon waya."

Na zaro murfin man shafawata daga jaka na manna a allon a gaban mutanen da ke zaune a bencinsa. Wani dattijo da ya kawo gyaran rediyo ya ce, "Gaskiyarta, ƙwai na." Mai gyara ya sha kunu. Ya ce wata manhaja ce ta ɓace a laftof, ya fi awa ɗaya yana ɗora wannan yana sauke wancan, yana kashewa yana kunnawa. Na ce masa ɗan akwatin nan ne ke ƙarya, ya ce shi ya fi shekara goma a wannan aiki. Da ya gaji, zaɓin nan biyu dai suna nan inda suke, sai ya jingina da kujera ya sauko da tabarau.

"Wai ma mi ya yi zafi? Hoto dai ya fito. Don mutum ya ɗan rame a hoto wa zai lura? Ku mata ma ai haka kuka fi so."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Wa zai lura? Uwarsa za ta lura! Uwar da ta goya shi, ta san nauyinsa tun yana cikin zane, ita za ta lura! Tana can ta daina cin abinci saboda wannan ɗan ramewar da kake faɗa. Kai da za ka mutu a garin da ba naka ba, a kawo wa mahaifiyarka fuskar wani mayunwaci a ce kai ne, za ka ce mi ya yi zafi?" Na naɗe kayana cikin bargo, na fita ko sallama ban yi ba. Na san rabin faɗan da kaina nake yi, amma shi ma ya ci rabonsa, kuma har yau ban yi nadama ba.

Gidan yayana na nufa, nan cikin Jega. Matarsa malamar makaranta ce, mace mai sanyin hali, ta ga fuskata ba ta tambaye ni komai ba sai da ta ba ni ruwa na sha. Da na zayyana mata, ta shiga ɗaki ta fito da laftof ɗinta. Tata tana da ƙofar HDMI a jiki, ba ta buƙatar wani mai sulhu. Na cire ɗan baƙin akwatin na wurga shi ƙarƙashin kujera, muka haɗa waya ɗaya tak daga laftof zuwa ƙofar shiga.

Da'ira ta zama da'ira. Na manna murfi, ya zauna cif. Na fara hamdala, sai na ga rubutun har yanzu da sauran dishi-dishi. Na duba saiti, ya tsaya a 1366 a 768, ya ƙi wucewa. Na ce yau na ga ta kaina, wace ƙaryar ce kuma ta rage?

Matar yayana ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Ai abu ɗaya suke nunawa su biyun. In kin bar su haka, babban ba zai wuce ƙarfin ƙaramin ba. Haka majigin makarantarmu yake yi mana." Ta danna maɓalli biyu, wani ɗan jeri ya fito a gefe, ta zaɓi inda aka ce allo na biyu kaɗai. Allon laftof ya mutu. Babban ya ƙifta sau ɗaya, ya dawo.

Subhanallahi. Kamar an wanke gilashin taga. Rubutu ya koma siriri, kowane harafi da bakinsa. Na duba saiti, ga shi nan, 1920 a 1080. Abin da ya hana ni sukuni kwana da kwanaki, waya ɗaya ce da danna maɓalli biyu. Na ji daɗi, amma haushi ya fi yawa, don da wani ya rubuta wannan a inda mutum zai gani, da tsohuwa ba ta kwana da yunwa ba.

Na sa filashina, 'yar ma'ajiyar da na kwafo aikin a ciki, na buɗe ainihin hoton katin. Ga shi nan. Mutum ne mai faɗin fuska da gaske, wuyansa a cike, kuncin da ya tsira har sheƙi yake yi, haɓarsa ta fara ninkewa. Har da ɗan guntun murmushi a gefen bakinsa, wanda a da na ɗauka datti ne na goge. Na zauna ina kallonsa, na ce, "Bawan Allah, ka yafe mini."

Kwana biyu na yi a gidan ina aikin. Na ɗora manhajar gyaran hoto a laftof ɗin matar yayana, na gina kuncin a hankali, ɗigo bayan ɗigo. Ban matse ko'ina ba, ban ja ko'ina ba. Duk inda zuciyata ta ce ƙara nan ko rage can, sai in ɗauke hannu daga linzami in sake duba kuncin da ya tsira. Da na koma Aliero na buga, sai da na sa ma'auni na auna faɗin fuskar da tsawonta a takarda, na gwada da na allo, sannan na yarda na sa a firam.

Daga Aliero na koma Jega, daga Jega na shiga motar Maiyama, daga nan ɗan acaɓa ya kai ni Gumbin Kure da hantsi. Surukar ce ta tare ni a ƙofar gida, ta yi mini nuni da ɗakin da ido. Inna na kwance a tabarma, ta juya wa ƙofa baya. Da ta tashi zaune na ga ƙasusuwan wuyanta sun fito, zoben azurfar da ke yatsanta yana yawo. Kwanon tuwon safe yana gefe a rufe, ba a taɓa shi ba. Hoton ƙaryar da na yi yana jingine da bango kusa da matashinta.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Inna, ni na yi miki ƙarya. Na ce kwamfuta ba ta ƙarya, alhali ban san abin da nake faɗa ba. Allona ne ya karkace, ni kuma na matse hoton da hannuna. Ɗanki bai rame ba, ni na ramar da shi. Ga na gaskiyar na kawo."

Ta ce, "Kin sha wahalar banza, ɗiyata. Wanga kuma kin ƙara mishi kumatu don in ji daɗi."

Raina ya sake ɓaci, amma wannan karon na haɗiye. Na ce, "Ban ƙara komai ba. Ke kika haife shi, ke za ki faɗa. In ba shi ba ne, ki jefa shi a murhu a gabana."

Sai ta miƙo hannu, muka kama ta ni da surukar muka fito da ita bakin ƙofa, ta zauna a kan turmi. Ta kai hoton dab da idonta mai gani. Ta fara daga hula, ta sauko goshi, ta tsaya a idanu. Ta gangaro gefen baki, ta daɗe a wurin, har na ga leɓenta na motsi. Sai ta ɗora yatsa a kan gilashin, a kuncinsa, tana shafawa a hankali, ta sauko zuwa haɓar nan mai ninki ta tsaya. Surukar ta juya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Hawaye ya gangaro daga idon mai gani da wanda ba ya gani, ya ɗiga a kan gilashin, ta goge da bakin zanenta.

"Haka bakinai yake in zai yi dariya," in ji ta. Ta ƙara matso da hoton. "Ji wuya. Ji wuya, don Allah. Ashe shina cin abinci."

Ta rungume firam ɗin a ƙirjinta, ta daɗe a haka tana ɗan jijjiga shi. Can ta ɗago kai ta juya wajen da take jin shessheƙar surukarta.

"Ke, bar kukan ga haka nan. Tashi ki dama mini hura."